Cinikin Biri a Sama

A shekarar 2007 ina koyar da lissafi a wata makarantar sakandaren gwamnati a Kano. Zaɓen da ya kawo Umaru Musa 'Yar'aduwa an yi shi an wuce, maganar ƙarin albashi ta zama tsohon zance, amma hirar hannun jari kullum sabuwa take a ofishin malamai. Da an fita tara sai a baje jarida a kan tebur, a buɗe shafin farashi, wani ya ɗora rula a kan layin kamfaninsa don kada idonsa ya zame zuwa na maƙwabci. Malamin tarihi, wanda a da ko lissafin kuɗin adashi sai ya kawo mini, ya zama shi ne mai yi mana fashin baƙi kan wane banki zai tashi a mako mai zuwa.

Zazzaɓin yana da asali. A watan Yulin 2004 gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Charles Soludo, ya ce kowane banki ya ɗaga jarinsa daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25 kafin ƙarshen 2005. Bankuna 89 suka narke suka koma 25. Don a haɗa wannan kuɗi sai suka fito neman talaka da kansa: talla a rediyo da Hausa, fom a kan kanta, ma'aikata 'yan mata suna bin kasuwanni rumfa rumfa. Waɗanda suka saya da wuri suka ga kuɗinsu ya ninka, labari ya bazu, kowa ya kwance bakin jaka.

Ni ban sayi na banki ba. Maganar kuɗin ruwa ta tsaya mini a rai, na tambayi malamin addini na makarantarmu, ya ce in dai masana'anta ce mai yin kayan halal, babu laifi. Sai na zaɓi wani kamfani mai yin kayan masarufi, irin waɗanda ake gani a kowane teburin mai shayi da kowane kantin unguwa. Ba zan faɗi sunansa ba. Na sayar da wani ɗan fili da na daɗe da saya a bayan gari, na haɗa da kwasar adashi, kuɗi suka kama naira 640,000. Maiɗakina ta ce, “Malam, fili fa ba ya guduwa.” Na ce mata ai ba ya haihuwa kuma.

Dillalin da na bi ta hannunsa yana wani bene a cikin gari, saurayi ne mai fara'a, ga kwat ga lakataye a cikin zafin Kano. Hujjarsa ɗaya ce, ita ce kuma ta kama ni: shekara biyar ribar kamfanin nan ba ta taɓa ja da baya ba. Tun a watan Fabrairun 2007 na saya. Kafin damina ta sauka kuɗina ya ƙaru da kusan rabi, a kan allon dillali.

Wajen watan Yuli rahoton shekara ya iso ta akwatin gidan waya na makaranta. Littafi ne mai sheƙi, takardarsa ta fi ta littattafan ɗalibanmu kyau nesa ba kusa ba. A gaba hoton shugaban kamfani yana murmushi, sai daraktoci a jere, sai zane mai sanduna, kowace sanda ta fi ta baya tsawo. Na duba layin riba, na duba abin da za a raba wa masu hannun jari, na rufe. Iyakar karatun da na yi masa ke nan, ni da nake cin abinci da lissafi.

Ranar Juma'a bayan la'asar na ɗauke shi na tafi Fagge wajen kawuna, ƙanin mahaifiyata. Kawu ya yi shekara 28 yana aikin akanta a wata masaƙa a Bompai, har ranar da aka sa mata kwaɗo. Kuɗin sallamarsa suna nan bai taɓa ba, ni kuwa na je ne in nuna masa hanyar arziki. Na same shi a zaure a kan buzu, gilashinsa ɗaure da zare ta ɓangare ɗaya.

Bayan gaisuwa na miƙa masa littafin na ce, “Kawu, ku duba ku gani. Riba ta ƙaru da kashi 30 cikin ɗari.”

Bai ko kalli shugaban kamfani ba. Ya juya littafin ya fara daga baya, inda rubutu yake ƙanana kamar ƙafar tururuwa. Ya ce gaban littafi ɗakin baƙi ne, shi kuwa ya saba shiga ta madafa. Ya aiki yaro ya ɗauko masa fensir, ya yi shiru wajen minti ashirin yana ja wa lambobi layi, ni kuma ina ta kallon tsakar zaure.

Da ya ɗago sai ya tambaye ni, “Kakanka da yake fatauci, in ya ba mutum atamfa bashi, a ranar yake cewa ya ci riba?”

Na ce a'a, sai an biya.

Ya ce to akanta ba haka yake yi ba. Ƙa'idar aikinsu ita ce a rubuta ciniki ranar da kaya suka fita aka sa hannu, ko da kuɗin sai bayan wata uku za su shigo. Haka ma kashe kuɗi, ana rubuta shi a shekarar da aka ci moriyarsa. Wannan ba ha'inci ba ne, da shi ake gane ainihin aikin shekara. Sai dai a nan ƙofa take. Tunda riba ta dogara ga abin da aka rubuta, mai alƙalami yana da ta cewa a cikinta: yaushe za a ce an sayar, wane bashi za a ce zai dawo, shekara nawa inji zai yi kafin ya tsufa. Tsabar kuɗin da suka shiga asusun banki kuwa, ko sun shiga ko ba su shiga ba.

Ya nuna mini takardu uku da ke tsakiyar littafin. Ta farko ita ce ta riba da asara, wadda na riga na gani. Ta biyu ta kadara da bashi, wato abin da kamfani ya mallaka da abin da ake bin sa a ranar ƙarshe ta shekara. Ta uku ta shigar tsabar kuɗi da fitarsu. Ya ce wanda ya karanta ta farko kaɗai kamar wanda ya saurari mai ƙara ne ya yanke hukunci.

Sai ya miƙo mini fensirin. “Kai ne malamin lissafi. Ga bashin da kamfani yake bin diloli. Raba shi da cinikin shekara, ka ninka da 365.”

Na yi. Ya ce in sake yi da lambobin bara, waɗanda ke jere a gefe. Na bara ya ba ni kwana 47. Na bana ya ba ni 112. Ma'ana, a bara in an ba dila kaya, cikin wata ɗaya da rabi kuɗi sun dawo, bana kuwa sai an doshi wata huɗu. Ciniki ya ƙaru da kamar kashi ɗaya cikin biyar, bashin da ake bi ya ninka har ya wuce. Kawu ya ce in ka ga bashi yana gudu ya bar ciniki a baya, ɗayan biyu ne: ko masu saye sun kasa biya, ko an tura musu kayan da ba su nema ba.

Muka koma takarda ta uku. A ƙasan sashen farko, inda ake nuna kuɗin da ainihin sana'ar kamfani ta kawo, akwai wata lamba a tsakanin baka biyu. Na tambaye shi me ya sa aka killace ta. Ya dube ni ta saman gilashi. Ya ce abin da mu malamai muke sa wa alamar ɗebewa, akanta baka yake sa masa. A shekarar da aka ce an ci riba mafi yawa, sana'ar kanta kuɗi ta ci, ba ta kawo ba. Har yau in na tuna wannan tambaya tawa sai kunya ta kama ni.

Na ce to, Kawu, in babu kuɗi, da me za su biya mu rabon riba?

Ya gangara da fensir zuwa sashe na ƙarshe na takardar, ya tsaya a kan layin sabon rance. Bashin banki na gajeren lokaci ya ƙaru da adadin da ya zarce abin da za a raba mana. Ya ce, “Cekin da za su aiko maka, a banki suka ranto shi. Kai kuma da kake gudun kuɗin ruwa, ga shi nan ana biya da sunanka.”

Bai tsaya nan ba. A takardar riba akwai wani layi da aka kira sauran kuɗaɗen shiga, a gefensa ƙaramar lamba mai nuni zuwa bayani a baya. Muka bi ta. Ashe kamfanin ya sayar da wani tsohon sitonsa a Legas, ya kuma sayar da hannun jarin wasu kamfanoni da ya saya lokacin da suke da araha. Kawu ya ce in cire waɗannan biyu daga ribar. Da na cire, abin da ya rage bai kai na bara ba. Ya ce, “Sito nawa gare su da za su riƙa sayar da ɗaya duk shekara? Kai ribar sabulu da madara ka zo saye, ko ta dillancin gidaje?”

Akwai kuma wani sakin layi guda, a cikin bayanin ƙa'idojin lissafi, da ke cewa daraktoci sun sake duba shekarun da injuna za su yi suna aiki. A da ana raba kuɗin inji a kan shekara 10, yanzu an mayar 15. Abin da ake cirewa duk shekara saboda tsufan inji ya ragu da kashi ɗaya cikin uku, riba ta ƙaru da wannan adadi, ba tare da an sayar da ko kwali ɗaya ba. Kawu ya ce wani lokaci gyaran gaskiya ne, don inji yakan fi ƙarfin shekarun da aka yanka masa. Abin tambaya shi ne me ya sa aka tuna da shi a wannan shekarar. Ya leƙa kayan da ke jibge a sito, su ma sun kumbura. Ya leƙa harajin da aka biya a zahiri, ya ga bai yi kama da na mai wannan riba ba, ko da yake ya ce wannan ba hujja ba ce ita kaɗai, tunda gwamnati takan yi wa wasu masana'antu rangwame.

Na kawo abin da nake ganin shi ne babban makamina. Na buɗe shafin odita na ce ga shi masu bincike sun sa hannu, sun ce lissafi ya nuna gaskiyar halin da kamfani yake ciki.

Ya yi dariya har gilashin ya zame. Ya tambaye ni ko ban ji abin da ya faru a Cadbury ba. Na ji sama sama. A ƙarshen 2006, bayan uwar kamfanin da ke Ingila ta ƙara hannun jarinta ya haura rabi, aka sa wasu masu bincike na daban suka duba littattafai, aka gano an shekara da shekaru ana kumbura lissafi, abin da ya haura naira biliyan 13. Aka sallami manajan darakta da daraktan kuɗi. Daga cikin dabarun da aka bayyana har da tura wa diloli kaya fiye da kima, da jinkirta rubuta kuɗin da aka kashe. Kuma duk waɗannan shekaru akwai sa hannun odita a rahoton. Kawu ya ƙara da na Amurka: Enron da ya rushe a ƙarshen 2001 ya tafi da Arthur Andersen, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin bincike biyar na duniya, sai WorldCom a 2002, inda aka ɗauki kuɗin da aka kashe na yau da kullum aka rubuta su a matsayin kadara. Ya ce odita ba ya ƙirga kowane kwali, samfuri yake ɗauka, kuma wanda yake bincika shi ke biyansa.

Na ce, wato ƙarya suka yi ke nan?

Ya ce, “Ban ce ba. Ban ga littattafansu ba, ba zan ɗauki alhakin kowa ba. Abin da na gani shi ne riba ce marar nauyi. In kana son ka gani da idonka, je kasuwar Singa ka tambayi masu sayar da kayansu.”

Na je ranar Asabar. Akwai wani Alhaji, mahaifin ɗaya daga cikin ɗalibaina, babban dila ne na wannan kamfani. Ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya sa aka kawo lemo, da na faɗa masa abin da ya kawo ni sai ya tashi ya ɗauki makullai ya ce in biyo shi. Muka ratsa ta tsakanin 'yan dako da masu baro zuwa wani lungu, ya buɗe ƙofar ƙarfe. Kwalaye ne tun daga ƙasa har rufi, an bar wata 'yar hanya da mutum ɗaya zai bi a kaikaice. Na saman sun yi ƙura, na ƙasan sun fara lotsewa saboda nauyi. Ya shafa ɗaya da tafin hannu ya nuna mini ranar da aka buga a jiki. Na watan Nuwamban bara ne.

Ya ce a makonni biyun ƙarshe na Disamba tireloli suka yi ta sauke masa kaya, bai nema ba. Abin da yakan sayar a wata uku aka jibge masa a kwana goma. Wakilin kamfani ya ce masa, “Alhaji, sa hannu kawai za ka yi, biya sai ka sayar, abin da ya yi kwantai mu san yadda za mu yi da shi.” Aka haɗa masa da rangwame mai tsoka. Ya ce shi bai ga abin ƙi ba, tunda ba kuɗinsa ba ne a ciki. Matsalar ita ce duk manyan diloli haka aka yi musu, kowa yana son ya rabu da nasa kafin kwanan watan jiki ya ƙare, sai aka shiga karya farashi, har ana sayar da kwali a Singa ƙasa da kuɗin da ake ɗauko shi a masana'anta. Ya rufe ƙofa yana cewa, “Malam, ni dai tun Janairu ban sake yin odar ko kwali ɗaya ba.”

Wannan sito shi ne kwana 112 ɗin da na lissafa a zauren Kawu. A littafi mai sheƙi sunansa ciniki.

A nan ya kamata labarin ya zama na mutumin da aka yi wa gargaɗi ya ji. Ranar Litinin na je wajen dillali da niyyar sayarwa. Ya juyo mini da kwamfuta ya nuna mini farashi ya ƙara hawa a makon, ga kuma sanarwar kyautar hannun jari ɗaya a kan kowane huɗu. Ya ce tsofaffi ba su fahimci sabuwar kasuwa ba. Na ji daɗin maganar, don ina son in ji ta. Da ƙyar, saboda nacin maiɗakina a kan rufin ɗaki da ke yoyo, na sayar da kashi ɗaya cikin uku. Sauran na bari. Kawu kuwa ya kwashi wani abu daga kuɗin sallamarsa ya sayi buhunan gero da wake a kasuwar Dawanau ya ajiye, na yi masa dariya a zuci.

Wata takwas cur allo yana ba ni gaskiya. Wannan shi ne abin da ya fi ruɗi a cikin lamarin, kuma ban taɓa jin wani dillali ya faɗe shi ba: takardun kamfani za su iya nuna maka gini ya tsage, amma ba za su gaya maka ranar da zai faɗi ba. Duk wata sai in ga kuɗina ya ƙaru, sai in ƙara tabbata Kawu tsoro ne kawai irin na wanda masaƙa ta mutu a hannunsa.

A farkon Maris 2008 ma'aunin kasuwar hannun jari ta Najeriya ya haura 66,000, darajar kasuwar ta kai kusan naira tiriliyan 12.6. Daga nan aka fara gangara. Rikicin kuɗi ya taso daga Amurka, masu zuba jari na waje suka fara kwashe nasu, gangar ɗanyen mai da ta kai dala 147 a watan Yuli ta faɗo ƙasa da 40 kafin ƙarshen shekara. A cikin gida kuma aka gano cewa kaso mai yawa na hawan da muke murna da shi da rancen banki aka yi shi: banki ya ba ka bashi ka sayi hannun jari, hannun jarin ya zama jingina, in farashi ya faɗi a sayar da shi a bi ka ciko. A watan Agusta hukumar kasuwar ta sa dokar cewa farashi ba zai sauka fiye da kashi 1 cikin ɗari a rana ba. Abin da ya haifar shi ne kowa ya fito sayarwa, babu mai saye. Na ba da odar sayar da nawa, ta yi makonni tana kwance. Da aka cire dokar a watan Oktoba sai abin ya zube gaba ɗaya. Zuwa ƙarshen Maris 2009 ma'aunin yana wajen 20,000.

A ofishin malamai aka daina sayen jarida. Malamin tarihi, wanda ya ci irin wancan rance, ya yi shekaru ana yankar albashinsa tun kafin ya gan shi.

Rahoton kamfanina na 2008 bai fito a kan lokaci ba. Da ya fito ya rame, babu sheƙi, hotunan wasu daraktoci sun canza. A ciki an ware maƙudan kuɗi saboda bashin da ba a sa ran zai dawo, an share darajar kayan da suka lalace a sito, riba ta koma asarar da ta haɗiye ribar shekaru uku. Lambar tana tsakanin baka biyu, wannan karon ban tambayi kowa ma'anarta ba.

Na shiga motar dare daga Sabon Gari na tafi Legas babban taron masu hannun jari, don ina son in ga fuskokinsu. Zauren otal ne mai sanyi. Wasu da suka ce su shugabannin ƙungiyoyin masu hannun jari ne suka yi ta karɓar makirufo suna yaba wa shugaba a kan jajircewa. Da ƙyar aka miƙo mini. Na ce ni malamin makaranta ne daga Kano, ina son a gaya mini, bashin da aka share bana, ba shi ne aka rubuta mana a matsayin ciniki shekara biyu da suka wuce ba? Shugaba ya gode mini da na taho daga nesa, ya yi magana a kan halin da tattalin arzikin duniya ya shiga, aka wuce zuwa batu na gaba. Kafin a rufe taro rabin zauren ya watse zuwa bakin ƙofa, inda ake rabon jakar kyauta. Ni ma na karɓi tawa: lema ɗaya da kayan kamfani na 'yan ɗaruruwan naira. Na riƙe ta a cinya har Kano.

Mutane da yawa sun ce mini ƙaddara ce ta faɗa wa kowa, mai kyau da marar kyau duk sun faɗi. Na yarda da ƙaddara, kuma gaskiya ne duk sun faɗi. Amma na zauna na bi sawun kamfanoni a shekarun da suka biyo baya. Waɗanda ribarsu take tafe da tsabar kuɗi sun ci gaba da biyan masu hannun jari ko a tsakiyar rikicin, farashinsu kuma ya farfaɗo. Irin nawa ba su tashi ba. Guguwar ɗaya ce, ginin ne ya bambanta, kuma bambancin yana rubuce a shafukan baya tun kafin iska ta taso.

Bankunan da na guje wa saboda wani dalili daban, nasu ya fito fili ranar 14 ga Agusta 2009, lokacin da sabon gwamnan Babban Banki, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar, ya zuba musu naira biliyan 420. A watan Oktoba aka ƙara da wasu, jimilla ta kai biliyan 620. Bankuna ne da ba da daɗewa ba suka sanar da riba mai yawa, alhali basussukan da suka mutu suna rubuce a matsayin masu rai. A 2010 kotu ta yanke wa Cecilia Ibru, tsohuwar shugabar bankin Oceanic, ɗaurin wata 6, aka kuma kafa hukumar AMCON don sayen munanan basussuka. Wani gyara da Kawu ya fi yabawa shi ne tilasta wa bankuna duka su rufe lissafin shekara a rana ɗaya, 31 ga Disamba. A da kowa da watansa, sai wannan ya ara wa wancan kuɗi ya yi ado da su ranar rufe littafi, in lokacinsa ya zo shi ma a ara masa. Kawu ya ce babbar riga ɗaya ce ake zagayawa da ita gidajen biki.

Ban bar kasuwar ba, ko da yake na daɗe kafin in sake sa ko sisi. Tun 2012 kamfanonin da ke kasuwar suka koma tsarin lissafi na ƙasa da ƙasa, rahotanni suka ƙara kauri, yanzu kuma a waya nake sauke su. Har yau ta baya nake farawa. Ina jera ribar shekara biyar a gefe ɗaya, tsabar kuɗin da sana'a ta kawo a ɗaya gefen, in ga ko suna tafiya tare. Shekara ɗaya za su iya saɓawa saboda dalili mai kyau, kamar kamfani mai faɗaɗa kasuwa. In suka yi shekara uku suna nesa da juna, sai in ajiye littafin. Ina lissafa kwanakin bashi da na kaya a sito, in cire duk ribar da ba za ta maimaitu ba, in duba cinikin da kamfani yake yi da wasu kamfanonin masu shi. In kayansa ana sayar da su a Kano, sai in taka zuwa kasuwa.

A 2023 na ga darasin ta wata fuskar. Da aka saki naira a watan Yuni ta faɗi, bankuna masu ajiyar dala suka sanar da ribar da ba a taɓa gani ba, mafi yawanta daga sake ƙiyasta darajar dalar da ke hannunsu, har Babban Banki ya hana su raba wannan kaso ga masu hannun jari. A ɗaya gefen, kamfanoni irin su Nestlé da MTN na Najeriya suka rubuta asara saboda nauyin da ke kansu na dala, alhali mutane ba su daina shan shayi ko sayen kati ba. Wani matashin malami ya zo mini a firgice da wayarsa yana nuna mini layin asara. Na ce ya zauna, na ba shi fensir, muka buɗe takarda ta uku.

Kawu ya rasu a 2014, Allah ya jiƙansa. Bai taɓa ce mini “ai na gaya maka” ba. Rahoton nan na 2006 yana cikin akwatina da layukan fensirinsa, da 47 da 112 da na rubuta da hannuna a gefen shafi. Filin da na sayar yanzu unguwa ce, har da masallacin Juma'a a kusa. Kashi biyu cikin ukun hannun jarin suna nan da sunana, kuma rabon riba na ƙarshe da suka kawo mini shi ne wancan da aka ranto a banki.